Shekarar da Aka Kai Nura Gida

Na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku, ke Maryam da kai Abba, har ya fara shiga kunnen 'ya'yanku: wai Babanku ne ya cire Yayarku daga makaranta don shi mutumin da ne, ba ya son boko ga 'ya mace. Allah ya jiƙansa, ba shi ya cire ta ba. Amma in na tsaya a nan za ku ce matarsa ce, dole ta rufa masa asiri. Sai dai in ba ku labarin Nura, wanda ke Maryam kina goye aka tafi da shi, kai kuwa Abba ko cikinka ba a samu ba. Yayarku ba zan kama sunanta ba ko a rubuce, 'yar fari ce, kun san yadda aka tashe mu.

A lokacin muna gidan haya a unguwar Nzeng-Ayong, nan Gabon, ɗaki biyu a bayan shagon Babanku, inda yake sayar da albasar Kamaru da shinkafa da man gyaɗa da su ashana. Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni ƙasar nan daga ƙauyenmu na wajen Haɗejiya, duniyata ba ta wuce madafa da tsakar gida ba, kuma ban taɓa jin ta yi mini kaɗan ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina zaune nake sanin wanda ya shigo shago daga jan takalminsa, in kuma yara suna haddar darasin Faransanci da ƙarfi sai in riƙe kalmomin tsaf ba tare da na san ma'anarsu ba, in maimaita musu, su yi ta birgima don dariya. Nura ne ya fi kowa tsokanata da wannan. Shekararsa tara amma in ka gan shi sai ka ce shida, siriri, idonsa da ɗan rawaya-rawaya, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Yakan hau kan turmi ya riƙe ƙofa yana kwaikwayon yaran taksi-bis masu kiran fasinja, ya ce in hau ya kai ni Port Môle in ga teku tunda Baba ya ƙi kai ni. Sikila yake da ita, abin da ake ce wa amosanin jini a gida, a nan kuma direpano. Shi yakan ce mata baƙonsa. In hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, sai ya dube ni ya ce, Umma, baƙona yana hanya. Kuma da wuya ya yi kuskure. Ku da kuka tashi a garin nan kun san ruwansa, ba ya sallama kuma ba ya gajiya, bango ya jiƙe, katifa ta yi sanyi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. In ciwon ya tashi, yaron nan mai surutu sai ya naɗe wuri ɗaya yana cizon zanina, yana cewa ana sara masa ƙashi.

Ina so ku san wannan game da Babanku: duk shekarun nan, asibiti ya riƙe. Ya sha rufe shago da rana tsaka ya saɓa Nura a kafaɗa, cikin ruwa, yana tsaida taksi. An ƙara wa yaron jini ba sau ɗaya ba, an ɗaura masa ruwa ba adadi. Yayansa, Baffa Sule, wanda ya kawo shi ƙasar nan kuma yake sayar da tumaki a garin Ntoum, kullum ya zo maganarsa ɗaya ce: sanyin Gabon ne ke cin yaron, a kai shi gida inda rana take, akwai wani mai magani a ƙauyenmu da ya san kan amosani. Babanku ba ya musu da yayansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce to Yaya, za a duba. Baffa na tafiya sai Babanku ya ce da ni likita ya ce a yi haƙuri, ana nan ana neman maganin da zai raba shi da ita gaba ɗaya. Ban san ko likitan ya taɓa faɗin haka ba, ko shi ne ya ji abin da yake so ya ji. Amma a kan wannan maganar yake tsaye.

A shekarar ne Yayarku ta shiga kolej. Yarinya ce mai son sani har ya yi yawa, tun tana ƙarama in ka ba ta rediyo sai ta leƙa bayansa. Wata safiya ta shiga shago ta ce Madam, malamarsu, ta ce kowa ya zo da albasa. Babanku ya zaɓo mata babba yana dariya, ya ce yanzu kuma albasar tasa ce za ta fara zuwa lakwal, wato makaranta, to ta kula kada ta fi ta ƙoƙari. Da ta dawo ko jaka ba ta ajiye ba ta same ni a madafa, idonta kamar an kunna fitila. Ta ɗauki albasar da nake yankawa, ta ɓare wannan fatar mai laushi ta ciki, wadda ke manne wa mutum a yatsa, ta ɗaga ta saitin ƙofa ta ce in duba. Na ce ban ga komai ba sai ɓawon albasa, ta ba ni abuna miya na jira. Ta ce a makaranta sun sa shi a wani madubi mai ƙara girman abu, mikroskop, sai ga shi ashe ɗakuna ne ƙanana a jere, ɗaya na bin ɗaya, kamar bulon da aka jera a gini. Kowane ɗaki sunansa selil. Kowanne yana da katangarsa, da ruwa a cikinsa, da wani ɗan ƙwallo wanda shi ne maigidan ɗakin, a cikinsa aka rubuta duk yadda albasar za ta kasance. Ta ce ganyen rogon da ke bayan gida ma haka yake, sai dai nasa ɗakunan suna da wasu ƙwayoyi kore da ke dafa wa itacen abinci da hasken rana.

Na ce, to mu fa? Ta ce mu ma haka muke, ni da ita da akuyar Baffa, tun daga gashi har farce. Madam ta sa sun kankaro cikin kumatunsu da ɗan tsinke sun duba, ta ga nata da idonta. Sai dai namu ba su da katanga mai tauri irin ta tsiro, 'yar fata ce kawai marar kauri ta kewaye su, shi ya sa naman mutum yake da laushi, itace kuwa yake tsaye ƙiƙam. Nura na gefe yana sauraro, ya ce ashe shi ya sa albasa ba ta zuwa asibiti. Muka yi dariya har na share hawaye, na ce yajin albasa ne. Ranar na ji daɗi ƙwarai. Na tsaya makaranta a aji uku, ga 'yata tana ba ni labarin abin da ke cikin kumatuna.

Daga nan kullum da sabon da za ta kawo. Har suka zo kan jini. Ita ce da kanta ta tsaya bayan an tashi ta tambayi Madam game da direpano, matar kuwa ta zaunar da ita ta nuna mata hotuna. Ta zo ta zana mini da gawayi a sumuntin madafa. Ta ce selil ɗin jinin mai lafiya zagayayye ne mai laushi, kamar 'yar waina, yana lanƙwasa ya bi ta kowace ƙaramar jijiya. Na Nura kuwa wani lokaci sai ya ƙandare ya koma kamar lauje, su sarƙe da juna su toshe hanya, wurin da jini bai kai ba shi ne yake masa wannan saran. Na daɗe ina kallon laujen nan a ƙasa. Shekara tara ina jinyar abu, sai ranar na ga kamanninsa.

Makon nan aka sallamo Nura daga asibiti, bayan kwanciyar da ta fi kowacce tsanani. Bayan magariba muna cin tuwo a tsakar gida, Babanku ya rame kamar shi ne majinyacin, ya ce an canza wa yaron magani, yana sa rai in Allah ya yarda wannan ne zai kashe ciwon. Ba da kowa yake ba, da kansa yake. Yayarku kuwa abin da ta koyo yana cinta, kuma a ranta taimako take yi.

"Baba, ba maganin da zai kashe shi. A cikin selil ɗinsa aka rubuta, tun kafin a haife shi. Rabi daga wurinka, rabi daga wurin Umma. Likita rage masa zafi kawai yake yi."

Babanku ya tsaya da loma a hannu.

"Wa ya gaya miki?"

"Madam. Yana cikin littafi ma."

"Su da kansu suka rubuta ba su da maganinsa?"

Ta ce e. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya wanke hannu, ya shiga shago ya zauna, ina jin benci ya yi ƙara. Daga baya na ji wai a Turai ana wani aiki na canza ɓargo, amma wannan ba zancen irinmu ba ne, kuma a lokacin ko labarinsa ba mu da shi. Abin da yarinyar ta faɗa gaskiya ne. Sai dai magana zarar bunu ce. Ta zare wa mutumin nan abin da ya jingina da shi shekara tara, ita kuma ba ta san jingine yake ba.

Ranar Juma'a Baffa Sule ya zo daga Ntoum, suka dawo daga masallaci tare. Wannan karon Babanku bai ce za a duba ba. Ina bayan labule na ji ya ce masu asibitin da bakinsu sun ce ba su da shi, to zaman me ake yi, yaro na shan wuya a cikin ruwa. Baffa ya ce abin da yake faɗa ke nan tun ba yau ba. Suka tsaida magana Babanku zai bar shago a hannun wani ɗan garinmu, ya kai Nura gida da kansa, ya zauna da shi har ya ga yadda maganin ya karɓe shi.

Da Yayarku ta ji, ranar Litinin ta koma wurin Madam a guje, ta dawo fuskarta ta canza. Ta ce mini sanyi na tayar da ciwon, gaskiya ne, amma zafi da ƙishirwa ma suna tayar da shi, don in ruwan jiki ya ragu selil ɗin sun fi saurin ƙandarewa. Kuma rage zafin da ta raina, da ƙarin jinin, su ne ke riƙe da ransa. Ga shi bazara za su tarar a gida. Ta faɗa wa Babanku, ya ce ya ji. Da Baffa ya dawo kawo saƙon da za a kai gida, sai ta yi abin da ba a yi, ta fito tsakar gida ta durƙusa a gabansu ta sake faɗa, rabi Hausa rabi Faransanci. Baffa ya saurare ta har ta gama, sannan ya juya wurin ƙaninsa.

"Jiya ta ce asibiti ba magani, yau ta ce asibiti ne magani. Gobe me littafin zai ce? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ki ba mu wuri, 'yata."

Ta waiwayo wajen labule. Ta san ina nan. A garinmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban dangin miji, ko sunansa ba ta kamawa balle ta ce maganarsa ce daidai. Da na fito, da Baffa ya ce uwar ce ke zuga ta, maganar ta ƙara lalacewa. Sai bayan ya tafi na sami Babanku shi kaɗai, na faɗa masa duk abin da ke raina, har na ce in sanyi ne a sayo bargo, a toshe rufin, ni zan riƙa gasa masa jiki. Ya bar ni na gama. Ya ce, ke da kunnenki kike jin yaron nan yana cewa baƙonsa na hanya in hadari ya taso, kin taɓa jin ya faɗa don rana ta fito? Ban taɓa ji ba. Ya ce shi ya gaji da ɗaukar ɗansa a kai shi inda za a rage masa zafi a dawo da shi ya jira na gaba. Ya ce in akwai inda ake sa ran warkewa, ko a bakin wa aka ji, shi uba ne, sai ya je. Har yau in na juya maganar, ban ga inda mugunta ta shiga ba.

Ta mota suka tafi, ta Ntoum su haura Kamaru, daga can su ɓulla Yola. Nura murna yake kamar sallah, bai taɓa ganin gida ba, an gaya masa akwai jakuna. Yayarku ta wanke wata 'yar jarka ta cika ta da ruwa ta ɗaura mata igiya ta rataya masa a wuya, tana ta nanata masa ya sha ko ba ya jin ƙishirwa, kada ya yi wasa a rana. Ya ce to Madam, ya sara mata kamar soja. Ni ya ce in ya dawo zai zo mini da jaki in riƙa hawa zuwa madafa. Na tsaya a ƙofar shago, ke Maryam kina bayana, har taksin ya sha kwana.

Makonnin farko labari mai daɗi muke ji. Babanku yakan shiga gari ya kira wayar shago, muryarsa wasai, ya ce yaro ko ciwon kai bai yi ba, yana bin 'yan'uwansa kiwo, har ya yi baƙi. Yayarku ta fara sakin jiki. Ta ce mini wataƙila Baffa ya yi gaskiya, ita dama aji ɗaya kawai take. Ban taɓa ganin wanda yake addu'ar a ƙaryata shi kamar yarinyar nan ba.

Sauran a bakin Babanku na ji, shi ma sau ɗaya ya faɗa. Zafi ya tsananta. Mai maganin ya ce kafin a fara na amosanin sai an wanke cikin yaron, ya ba da wani jiƙo. Nura ya yi ta gudawa, zazzaɓi ya shiga, ciwon ya taso masa a ƙirji, inda bai taɓa taso masa ba. Asibitin da ke kusa ɗaki ɗaya ne, ba jini, aka ce sai babban gari. A mota ya cika, kansa a cinyar ubansa.

Baffa ne ya zo faɗa mini, da hantsi. Tun daga sallamarsa na sani. Mutum ne mai sallama da ƙarfi kamar yana kiran tumaki, ranar kuwa da ƙyar ta fito. Na ajiye tsintsiya na zauna a inda nake. Ya tsuguna nesa da ni yana kuka kamar yaro, dattijo da furfurarsa. Ban taɓa riƙe shi a raina ba, ku ma kada ku riƙe shi.

Yayarku ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta yi ta hidimar masu zuwa gaisuwa, ta dafa, ta wanke. Da aka share makoki na ce ta shirya ta koma makaranta, ta ce sai Baba ya dawo. Madam ta aiko 'yan ajinsu, ta ƙi fitowa. Babanku sai bayan arba'in ya dawo, na ga mutum ya shigo da 'yar jakar Nura a hannu, da ban san tafiyarsa ba da ban gane shi ba. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ya amsa, ba wanda ya dubi wani. Washegari da ya ga rana ta ɗaga tana wanke-wanke, ya tambaye ni, na gaya masa. Ya je ya tsaya a kanta.

"Tashi ki sa kayanki, ni zan raka ki. Ni na kai shi, ba ke ba."

"Da ban yi magana ba, da ba ka kai shi ba."

"Gaskiya kika faɗa."

"To Baba, in na koma, wace gaskiyar kuma zan koyo in kawo gidan nan?"

Ranar ba ta tafi ba. Ba ranar kaɗai ba, ya yi ta binta har shekara ta juyo, da lallashi, da faɗa, har ya sa Baffa ya zo ya roƙe ta, shi da ya kore ta daga tsakar gida. Ta ce su yafe mata. Littattafan ta ba 'yar maƙwabta. Ta koma tsaron shago, daga baya ta yi aure, ta zama wadda kuka sani, mai shiru, mai gyara kayan kanti. Ku ba ku taɓa ganin idon nan da ta shigo da shi madafa ba, ni ma ban sake gani ba. Su biyun sun zauna a shago ɗaya shekaru, suna miƙa wa juna kaya, kowa na ganin shi ne, kowa na tausayin ɗaya, kuma sunan Nura bai sake fitowa a tsakaninsu ba.

Ni ban je gida ba sai bayan shekaru, kuma ko da na je, mace ba ta shiga maƙabarta. Sau ɗaya na tambayi Babanku inda aka sa shi. Ana ruwa ranar, irin mai ƙarfin nan, muna zaune muna jiran ya ɗauke. Ya ce a gefen gabas, kusa da wata aduwa, kan tudu. Sannan ya ce ƙasar wurin a bushe take ƙarau, sai da aka sha wuya wajen haƙa, ko damshi babu. Na gane abin da yake so in ji. Na ce to, alhamdulillahi.